Yadda Ake Tsara Ziyarar Bakin Teku da Tsibiran Zanzibar

Zanzibar tarin tsibirai ne da ke cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar ƙasar Tanzaniya, kuma manya daga cikinsu su ne Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda yawancin baƙi ke nufi idan sun ce za su Zanzibar. Tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, faɗinsa kuma kusan kilomita 30, saboda haka da wuya a sami wani wurin shaƙatawa a cikinsa da mota ba za ta kai mutum cikin awa biyu daga babban birni, wato birnin Zanzibar, ba. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna cewa mutanen tsibiran sun kai kusan miliyan 1.9, mafi yawansu Musulmi ne, kuma harshensu Swahili. Tun ranar 26 ga Afrilu, 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da gwamnatinta, kuma tana da wasu dokoki nata na kanta waɗanda suka shafi baƙo kai tsaye.

Ƙanƙantar tsibirin tana sa baƙo ya ɗauka cewa duk lokacin da ya ga dama zai iya zuwa duk inda yake so, alhali ba haka abin yake ba. Teku ce ke tsara jadawalin kowa a can, daga masunci har zuwa mai yawon buɗe ido. Wanda ya shirya tafiyarsa bisa hotunan da ya gani a intanet kawai zai iya isa bakin ruwa ya tarar teku ta janye fiye da kilomita guda, ko ya biya kuɗin jirgi zuwa wani tudun rairayi ya tarar ruwa ya rufe shi. Don haka na fara wannan bayani da iska da wata, kafin maganar biza da masauki.

Mataki na farko: zaɓen wata da kwanan wata

Iska biyu ne ke juya shekara a Zanzibar. Daga wajajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda mutanen wurin ke kira kaskazi, kuma lokacin zafi ne. Daga wajajen Mayu zuwa Satumba sai ta juya ta zo daga kudu maso gabas, ita ce kusi, wadda ta fi ƙarfi, kuma ita ke kawo sanyin da ke sa yawo a waje ya yi daɗi. Tsakanin waɗannan iskoki biyu ake samun damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, da ƙarama a wajajen Nuwamba zuwa Disamba. A lokacin babbar damina ruwa na iya sauka kwanaki a jere, hanyoyin ƙauyuka su lalace, wasu masaukai na bakin teku ma su rufe. Farashi yakan sauka ƙwarai a watannin, amma ban ga amfanin arahar ba ga mutumin da ya zo domin jirgin ruwa da daji. Wanda ke da zaɓi ya nufi Yuni zuwa Oktoba, ko kuwa Janairu da Fabrairu idan yana jure zafi mai gumi, wanda ya bambanta da busasshen zafin da muka saba da shi a ƙasar Hausa.

Bayan an zaɓi wata sai a duba kwanan watan Musulunci, domin shi ne ke nuna halin da teku za ta kasance. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kowane yini da dare, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, wato farkon wata da wajajen 14 zuwa 16, cikar takan yi yawa, janyewar ma ta yi nisa, har bambancin tsayin ruwan ya kusa mita 4. A waɗannan kwanaki ruwa yakan janye da hantsi zuwa kusan tsakar rana, ya dawo ya cika bayan la'asar. A wajajen 7 zuwa 9 ga wata, da 22 zuwa 24, bambancin yakan ragu sosai. Mai son tafiya a ƙasa a kan shimfiɗar teku, ya ga halittun da ke maƙale a duwatsu da gonakin ciyawar teku, ya zo a farkon wata ko tsakiyarsa. Mai son ya riƙa shiga ruwa ba tare da dogon jira ba, kwanakin tsakanin sun fi masa. Ko wane ka zaɓa, ka sauke jadawalin cikar teku na Zanzibar a wayarka kafin ka tashi. Yawancin masaukan bakin teku ma suna rubuta shi a allo kowace safiya.

Idan tafiyar ta faɗo cikin watan Ramadan, a sani cewa yawancin gidajen abinci na cikin gari suna rufewa da rana, kuma ba a yarda da ci ko sha a bainar jama'a ba. Ga mai azumi wannan ba matsala ba ne, sai dai yini a cikin jirgi ƙarƙashin rana da ƙishirwa abu ne mai wahala, don haka gara a rage fita cikin teku a watan.

Mataki na biyu: takardu

Masu fasfo na Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Dole ne su nema tun daga gida ta shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, su jira amincewa ta musamman, kuma wannan jiran na iya ɗaukar makonni. A fara nema aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya, kuma kada a sayi tikitin da ba a iya canza ranarsa kafin amsa ta fito. Dokokin biza suna sauyawa, don haka a karanta sharuɗɗan da ke shafin hukumar a ranar da za a cike takardar.

Ana kuma bukatar katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, ga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma allurar tana bukatar kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Sannan tun ranar 1 ga Oktoba, 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatinta, Zanzibar Insurance Corporation, wadda aka fara sayarwa a kan dala 44 ga babba. Inshorar da ka saya a gida ba ta maye gurbinta. Ana biya ta intanet a sami lambar shaida da za a nuna a wurin shiga.

Mataki na uku: hanya, kuɗi da agogo

Daga Kano, Abuja, Legas, Yamai ko Njamena hanyar da aka fi bi ita ce ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, daga nan a sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, wanda ke 'yan kilomitoci kaɗan kudu da birni. Wanda ya sauka a Dar es Salaam zai iya shiga jirgin ruwa mai sauri, tafiyar kimanin awa biyu. A sayi tikitinsa a ofishin kamfanin ko shafinsa, kada a saya hannun masu tare mutane a ƙofar tasha, kuma a riƙe fasfo a hannu domin ana duba shi a tashar Zanzibar ko da daga cikin Tanzaniya aka fito. A watannin kusi teku kan yi tsalle a wannan hanya, musamman da yamma, don haka mai saurin jin jiri ya zaɓi jirgin safe ya kuma sha maganin amai tun kafin a tashi.

Kuɗin ƙasar shilin ɗin Tanzaniya ne. A canza isasshe a birni, domin na'urorin cire kuɗi ba su da yawa a ƙauyukan bakin teku, kuma masu canji kan ƙi karɓar tsofaffin takardun dala. An haramta shiga da ledar zuba kaya, saboda haka a tanadi jakar yadi. Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Akwai kuma wani abin lura da ya sa baƙi da yawa suka rasa jirgi: a Swahili ana fara ƙirga awanni ne daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya a wurinsu. Idan mai kwalekwale ya ce ku haɗu ƙarfe biyu, mai yiwuwa takwas na safe yake nufi. A nuna masa lokacin a fuskar waya domin a tabbatar.

Alƙibla a Zanzibar tana arewa ne kusan sak, ba gabas ba, domin tsibirin yana kudu da Makka. Mafi yawan jama'ar wurin mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, akwai kuma Ibadiyya, kuma masallatai suna ko'ina.

Mataki na huɗu: raba kwanaki

Kuskuren da aka fi yi shi ne kama masauki guda na mako guda sannan a riƙa ɗaukar tasi kowace rana zuwa wani ɓangare. Ya fi sauƙi da araha a raba kwanakin gida uku: kwana biyu a tsohon birni, biyu ko uku a kudu maso gabas, biyu a arewa. Ga mai iyali ina ganin Jambiani a kudu maso gabas ko Matemwe a arewa maso gabas sun fi dacewa, domin ƙauyuka ne masu natsuwa, yayin da Nungwi da Kendwa da Paje suka fi hayaniya, ana kiɗa da shan barasa a wasu wurare har tsakar dare. Motocin haya da ake kira dala-dala suna tashi daga Darajani, kusa da babbar kasuwar birni, zuwa kusan kowane ƙauye a kan kuɗi kaɗan, sai dai cunkoso da tsayawa a hanya. Da tasi kuwa a yi ciniki a gama kafin a shiga. Ana tuƙi a hannun hagu, kuma baƙon da zai tuƙa da kansa sai ya sami takardar izini ta Zanzibar, wadda masu ba da hayar mota ke nemo masa.

Mataki na biyar: sharuɗɗan shiga jirgi da ruwa

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin yawancinmu mun tashi ne nesa da teku, kuma wanda ya iya iyo a kogi ko tafki bai san ja da turin igiyar teku ba. Kafin ka biya kowane mai jirgi ka nemi ganin rigunan kariya daga nutsewa, ka ƙirga su, ka tabbatar akwai na yara idan kana tare da yara, sannan ka sa taka tun daga bakin ruwa ko da kowa bai sa ba. Ka tambayi mutum nawa za a ɗauka, kuma idan ka ga an cika jirgi fiye da kima ka sauka, ko da kuɗinka zai salwanta. Mutanen Zanzibar ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander ba a watan Satumba na 2011 tsakanin Unguja da Pemba, wanda lodi fiye da kima ya jawo kuma rayuka masu yawa suka salwanta.

Za ka haɗu da samari a bakin ruwa suna tallar tafiye-tafiye, wasu masu gaskiya ne, wasu kuma dillalai ne da ba su da jirgi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi ta hannun masauki ko kamfanin da ke da lasisi, a kuma fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa: kuɗin shiga wurin da aka killace, abinci, ruwan sha, da kayan kallon ƙarƙashin ruwa. A ba da kafin alƙalami kaɗan, a cika sauran bayan an dawo. A tanadi takalmin roba mai rufe ƙafa saboda wata halitta baƙa mai ƙayoyi da ke ɓoye tsakanin duwatsu, da hula, da man kare fata daga rana, wanda baƙar fata ma tana bukatarsa idan za a yini a kan ruwa. Mata ba sa bukatar sauya suturarsu domin shiga ruwa. Matan wurin da zannuwansu suke shiga, sai dai a zaɓi yadi mara nauyi wanda ba ya shan ruwa ya naɗe ƙafa.

Mataki na shida: tsohon birni da tsibiran da ke gabansa

Tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town ko Mji Mkongwe, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Da yamma a je lambun Forodhani da ke bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, inda samari ke tsalle daga kan katanga zuwa cikin teku idan ta cika, kuma bayan magariba masu gashin kifi da ruwan rake su kafa teburansu. A tambayi farashi kafin a ci, a kuma zaɓi abin da aka gasa a gaban ido.

Washegari da safe a ɗauki kwalekwale zuwa tsibirin Changuu, wanda ke kimanin kilomita 6 arewa maso yamma da birni, tafiyar kusan rabin awa. An gina kurkuku a wurin a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Abin da ke jan mutane yanzu shi ne manyan kunkuru, waɗanda asalinsu kyauta ce ta guda huɗu daga gwamnan Seychelles a 1919, kuma wasunsu sun haura shekara ɗari. Kada a hau bayansu, kada kuma a bar yara su kai hannu kusa da bakinsu. Yawancin masu jirgi suna haɗa Changuu da Nakupenda, wani tudun farin rairayi a tsakiyar ruwa wanda ke fitowa idan teku ta janye ya kuma nutse idan ta cika. A nan ne jadawalin da aka sauke zai yi amfani: a tsara isa wurin awa ɗaya ko biyu kafin ƙarshen janyewa. Babu itace ko inuwa a kansa sai rumfar da mai jirgi ya zo da ita, don haka a tabbatar ya ɗauko.

Wanda ke son ganin murjani mai rai, wato halittun teku masu gina jiki kamar dutse a ƙarƙashin ruwa, a yanayi mafi kyau ya nemi gurbi a tsibirin Chumbe, kudu da birni, wanda aka killace gaɓarsa tun 1994 aka hana kamun kifi. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1904 da wani ƙaramin tsohon masallaci. Ana iyakance yawan masu shiga kowace rana, kuma kuɗinsa ya fi na sauran wurare, saboda haka sai an nemi wuri tun da wuri.

Rabin yini ya isa ziyarar gonakin kayan ƙamshi da ke Kizimbani da Kidichi. Za a ga kanumfari da kirfa da citta da kurkur a jikin itacensu ko a cikin ƙasa, abin da mu a kasuwa kawai muke ganinsu a bushe. Noman kanumfari ya bunƙasa ne a zamanin Sarki Seyyid Said na Oman, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19, kuma bayi ne suka yi aikin gonakin. Wanda ke son fahimtar wannan ɓangare na tarihi ya ƙarasa Mangapwani, kimanin kilomita 20 arewa da birni, ya ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka riƙa ɓoye bayi a bakin teku bayan rufe kasuwar bayi a 1873.

Mataki na bakwai: dajin Jozani

A ranar da za a koma kudu maso gabas a tashi da sassafe a tsaya a Jozani, domin yana kan hanyar ne, kimanin kilomita 35 daga birni. Shi ne gandun daji na ƙasa ɗaya tilo a Zanzibar, faɗinsa murabba'in kilomita 50, kuma an ba shi wannan matsayi a 2004. Kuɗin shiga ya haɗa da ɗan jagora, kuma ziyarar kashi uku ce. Da farko akwai tafiya a cikin dajin dogayen itatuwa inda ruwan ƙasa ke kusa ƙwarai, har yakan malale a lokacin damina. Na biyu shi ne ganin jan birin da ake kira kima punju, mai jan baya da farin gashi a goshi, wanda Zanzibar ce kaɗai asalinsa a duniya kuma ƙidayar da aka yi ta nuna bai kai 6,000 ba. Birai ne masu cin ganye, kuma an san su da cin gawayi, wanda masana ke ganin yana rage musu illar sinadaran da ke cikin wasu ganyaye kamar na mangwaro. Sun saba da mutane har sukan sauko kusa, amma ƙa'idar ita ce a tsaya nesa da su kimanin mita 3, kada a ba su abinci, kuma mai mura kada ya matsa, domin suna iya kamuwa da cututtukan ɗan Adam.

Kashi na uku gada ce ta katako da ta ratsa cikin itatuwan mikoko, waɗanda ke tsirowa a cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Mutane da yawa sukan wuce nan da sauri, amma ya cancanci a tsaya. Waɗannan itatuwa su ne ke hana teku cinye gaɓa, kuma a tsakanin saiwoyinsu ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku. Idan ruwa ya janye za a ga ƙaguwa iri-iri a kan laka, idan ya cika kuma kifaye ne za su bayyana ƙarƙashin gadar. A sa takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando saboda sauro da cinnaka.

Mataki na takwas: gaɓar gabas da kudu

A Paje da Jambiani da Bwejuu ne janyewar teku ta fi fitowa fili, domin wani dogon shingen murjani ya tare igiyar ruwa daga nesa ya bar shimfiɗa mara zurfi tsakaninsa da gaɓa. Domin tafiya a kanta a fita kimanin awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, tare da ɗan gari, kuma da zarar lokacin juyawar ruwa ya yi a kama hanyar dawowa. Ruwan ba ya dawowa a layi guda. Yakan fara cika ƙoramu da ramukan da ke bayanka, ta yadda mutum zai iya tsayuwa a busasshen wuri alhali hanyarsa ta komawa ta riga ta nutse. Kada a taka murjani, kada a ɗaga halittun ruwa sama domin hoto, kuma kada a kwashi ko a sayi bawon katantanwar teku da murjani, domin fitar da su daga ƙasar laifi ne.

A kan wannan shimfiɗa za a ga turaku da igiyoyi a jere, gonakin ciyawar teku ne da ake kira mwani. An fara nomanta don sayarwa a 1989, mata ne mafi yawan manoman, kuma ana fitar da ita waje domin haɗa abinci da magunguna da kayan kwalliya. Ɗumamar ruwa tana lalata musu amfani a shekarun nan. Gonar mutum ce kamar kowace gona, don haka a zagaye ta, a yi sallama, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa. Sayen sabulun da ƙungiyoyinsu ke yi hanya ce ta sa kuɗi ya kai hannunsu kai tsaye.

Gaɓar gabas fitowar rana ake gani a cikinta. Mai son faɗuwar rana ya je Michamvi Kae, wanda ke fuskantar yamma ta kan mashigin Chwaka.

A ƙarshen kudu akwai Kizimkazi, inda ake fita da asuba ganin kifin dolfin. Ina ba da shawarar a gaya wa mai jirgi tun a gaɓa cewa ba a son bin su da gudu ko tsalle a tsakiyarsu, domin yawan jiragen da ke kewaye su yana hana su hutawa da shayar da 'ya'yansu. A tsaya nesa a rage inji, sau da yawa su da kansu suke matsowa. Kada a bar garin ba a ziyarci masallacin Kizimkazi Dimbani ba, wanda rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da ke jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, daidai da 1107, abin da ya sa yake cikin tsofaffin masallatan gaɓar gabashin Afirka, ko da yake an sake gina mafi yawansa a ƙarni na 18. Daga ƙauyen Fumba kuma ake tashi da jiragen katako masu tafiya da iska zuwa mashigin Menai, wanda aka killace a 1997, tafiyar yini guda da ta haɗa tudun rairayi da tsibirin Kwale.

Mataki na tara: arewa

Daga Matemwe ko Muyuni ake shiga jirgi zuwa gaɓar Mnemba, wurin da aka fi zuwa domin kallon kifaye da gilashin ruwa da bututun numfashi. Tsibirin kansa yana hannun wani masauki mai zaman kansa kuma ba a yarda a sauka a kansa ba, a cikin ruwa ake tsayawa. A tashi da sassafe kafin jirage su taru. Wanda bai taɓa amfani da bututun ba ya gwada shi a ruwa mai kai wa ƙugu kwana guda kafin tafiyar, kuma wanda bai iya iyo ba ya riƙe tayar ceto da ɗan jagora ke ja.

A Nungwi da Kendwa gaɓar tana da gangara, don haka ruwa ba ya janyewa da nisa kuma ana iya wanka kusan kowane lokaci, musamman a Kendwa. A Nungwi a je inda masassaƙa ke ƙera jiragen katako da hannu a bakin ruwa, sannan a ƙarasa Mnarani kusa da hasumiya, inda mutanen gari suka kafa wurin jinyar kunkurun teku a wani tafki na halitta tun 1993. Idan wani ya yi maka tayin naman wannan kunkuru ka ƙi. Haramun ne a dokar ƙasar, kuma yakan ɗauki guba: a watan Maris na 2024 yara takwas da babba ɗaya sun rasu a tsibirin Panza na Pemba bayan sun ci shi.

Mataki na goma: Pemba, ga mai ƙarin kwanaki

Pemba tana arewa da Unguja, tafiyar kusan rabin awa a ƙaramin jirgin sama zuwa Chake Chake, ko awanni da dama a jirgin ruwa zuwa Mkoani. Ƙasa ce mai tuddai da kore shar, daga ita mafi yawan kanumfarin Zanzibar ke fitowa, kuma a lokacin girbi za a gan shi an shanya a kan tabarmi a gefen hanya. Baƙi ba su da yawa, masaukai kaɗan ne, jama'a kuma sun fi riƙo da al'ada, don haka a kula da sutura da gaisuwa. A arewacin tsibirin akwai dajin Ngezi da doguwar gaɓar Vumawimbi, a Kidike ana ganin babban jemagen Pemba mai jan gashi a rataye a itatuwa da rana, sannan daga yamma ana zuwa tsibirin Misali domin murjani. Ruwan mashigin Pemba yana da zurfi da ja mai ƙarfi, saboda haka kada a shiga sai tare da ƙwararren jagora. Pemba tana bukatar aƙalla kwana uku, kuma a tsara dawowa Unguja kwana guda kafin ranar jirgin komawa gida, domin iska ko ruwan sama na iya sa a ɗage tashin ƙaramin jirgi ko na ruwa.